Tusar jaki: a shafa, a daskarar, a ƙona, ko a yi allurar tada garkuwa?

Ranar da yayata ta turo min ɗanta, sai da na kama hannunsa na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Tusar jaki 13. Huɗu sun kewaye farcen babban yatsa har sun fara ɗaga shi, sauran sun bazu a bayan hannu da tsakanin yatsu, masu kaushi kamar dutsen goge ƙafa. Yaron ɗinki yake koyo, kuma abin ya kai shi ga ɓoye hannu a aljihu in za a gaisa. Shekara 2 kafin nan guda ɗaya ce tak. Wanzami ya sa aska ya shafce ta, ta yi jini, ta warke, bayan 'yan makonni ta dawo da 'yan rakiya. An gwada nonon tumfafiya, an gwada ɗaure ta da zare. Da na ɗago kai sai ya ce, "Kawu, ni dai a ƙone su gaba ɗaya in huta."

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma na ji tausayin gajiyarsa. Amma ƙona wuri 13 a hannun yaro mai baƙar fata, huɗu daga ciki a bakin farce, ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya sa na zauna na auna hanyoyin da ake da su ke nan, musamman wadda likitocin fata suka ƙara karkata gare ta a shekarun nan: allurar da ake sokawa cikin ƙurjin don a tada garkuwar jiki ta yi yaƙin da kanta.

Dalilin nacinta

Ƙwayar cutar bairus ce ke kawo ta, wadda ake kira HPV. Irinta sun haura 200. Masu lamba 2 da 27 da 57 su suka fi fitowa a hannu, lamba 1 ta fi son tafin ƙafa, lamba 7 kuwa an san ta da hannun mahauta da masu gyaran kifi, saboda hannunsu kullum a jiƙe yake, ga ƙananan yanka. Ta nan take shiga, ta tsagar da ido ba ya ma gani. Shi ya sa mai cizon farce da mai aske gemu a kan ƙurjin suke yaɗa wa kansu.

Wayon ƙwayar shi ne ba ta shiga jini. A saman fata take zama, ba ta kashe ƙwayoyin naman da ta shiga, ba ta tada kumburi, don haka dakarun garkuwa sukan daɗe ba su san da baƙuwa a gida ba. Baƙaƙen ɗigon da ake gani idan an kankare ƙurjin, waɗanda mutane ke cewa saiwa ce, ƙananan jijiyoyin jini ne da suka toshe. Babu wata saiwa da za a tono. Ranar da garkuwa ta farga, ƙurjin yakan bushe ya ɓace ba tabo. A wajen yara, kusan 2 cikin 3 suna bajewa da kansu cikin shekara 2. Na manya sun fi taurin kai.

In an gane wannan, an gane cewa magungunan kashi biyu ne. Ko dai a lalata naman da ƙwayar ke ciki, ko a tashi garkuwa daga barci.

Hanyoyin lalata nama

Mafi sauƙi ita ce salisilik asid, maganin shafawa da ake samu a kemis, yawanci mai ƙarfin kashi 17 cikin 100, akwai kuma filasta mai kashi 40 don tafin ƙafa. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi na minti 5, a goge mataccen naman, a shafa man basilin a lafiyayyar fatar da ke kewaye, sannan a ɗiga maganin a kan ƙurjin kaɗai. Kullum, har mako 12. Matsalarsa ɗaya ce, haƙuri. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, in ka bincika kwana 10 suka yi suka ajiye kwalbar. Amma a jerin shawarwarin da ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta fitar a 2014, shi ne ya samu matsayi mafi ƙarfi wajen hujja. Ba ya barin tabo in an kiyaye, ga araha. Mai ciwon suga ko mai mutuwar jijiyar ƙafa dai kada ya sa shi a ƙafa sai da likita.

Sai daskararwa da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A fesa na 'yan daƙiƙoƙi, wurin ya yi fari, ya yi bororo, ya bushe ya faɗi, a maimaita bayan mako 2 zuwa 3. Wani gwaji da aka yi a Holan aka buga a 2010 ya raba mutum 250 gida uku. A masu tusar jaki ta hannu da makamantanta, bayan mako 13, kashi 49 sun warke da daskararwa, kashi 15 da salisilik, kashi 8 kuma ba tare da an yi musu komai ba. A tafin ƙafa kuwa ba a ga wani bambancin kirki ba. Gwajin Birtaniya na 2011 a kan mutum 240 masu ta tafin ƙafa ya zo da abin da ya fi haka sanyaya gwiwa: kashi 14 kacal suka warke a kowane ɓangare, na salisilik da na daskararwa, bayan mako 12.

Ga inda gizo ke saƙar ga mai baƙar fata. Ƙwayoyin da ke ba fata launi su suka fi saurin mutuwa da sanyi. Fatar Bature ba ta nuna hakan sosai, amma tamu takan bar farin tabo mai kewayen baƙi, wani ya yi watanni, wani ya zauna ke nan. Na ga budurwar da aka daskarar mata guda 3 a bayan hannu, ƙurajen sun tafi, amma ta koma tambayar yadda za ta rufe fararen ɗigo 3 da lalle. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ban da haka, ba kowane asibiti ke ajiye ruwan naitirojin ba, don tururi yake zama ya ƙare ko ba a taɓa shi ba.

Ƙonawa da na'urar lantarki ko kankarewa bayan an kashe zafin wurin ita ce hanyar da ta fi samuwa a asibitocinmu, kuma ita mutane suka fi so domin a zama ɗaya ake gamawa. Ga guda ɗaya mai tsini a gemu ko a wuya, ba ni da ja. Sai dai akwai tabo, kuma mai jikin da tabonsa ke tudu ya yi ta girma ya kiyayi wuƙa da wuta. A tafin ƙafa, tabon kan fi ƙurjin ciwo wajen takawa. A bakin farce, in wuta ta taɓa matsirar farcen, a murguɗe zai riƙa fitowa har abada. Kuma duk da haka ƙwayar tana nan a fatar da ke kewaye wadda ido ke ganin lafiya lau, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ruwan batir da soda da ake ɗigawa a gida kuwa, ƙuna ce kawai wadda ba a san zurfinta ba. Nonon tumfafiya in ya fantsama a ido yana iya taɓa gani.

Allurar da ke tada garkuwa

Dabarar ta burge ni tun ranar da na fara fahimtarta. Tunda garkuwa ba ta ganin HPV, sai a ɗauko wani abu da ta riga ta sani kuma take gaba da shi, a soka shi cikin ƙurjin. Dakaru su yo ca a kan tsohon abokin gaba, da isarsu sai su tarar da wanda ya daɗe a ɓoye. Daga nan sun gane shi, kuma za su bi shi duk inda yake a jiki. Wannan shi ne abin da babu wata hanyar lalata nama da ke yi: a soki guda ɗaya, mafi girma, sai waɗanda ba a taɓa ba su ma su fara bajewa, har na ɗaya hannun.

Likitocin jami'ar Arkansas a Amurka ne suka fito da ita fili a 2001, da ruwan gwajin fata na hangum da na kandida, wani nau'in naman gwari. A 2005 suka buga gwaji mafi girma a kan mutum 233, inda kusan kashi 60 na waɗanda aka yi wa allurar suka samu sauƙi, alhali a waɗanda aka soka wa ruwan gishiri kawai abin bai wuce kashi 22 ba. Sun kuma lura cewa waɗanda suka haura shekara 40 ba su cika amsawa kamar matasa ba. A 2010, a jami'ar Zagazig ta Masar, aka gwada MMR, rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, a kan mutum 135: kashi 81 sun warke sarai, a ɓangaren ruwan gishiri kashi 27. Tun daga nan Masar da Indiya suka zama cibiyar wannan bincike.

Dole a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, kowa da awon da ya yi amfani da shi, kuma ba a bibiyi mutanen na tsawon shekaru ba. Magungunan kansu ba don tusar jaki aka yi musu rajista ba, likita ne ke aro su bisa iliminsa. Saboda haka kada wani ya ce maka tabbas ne. A ƙalla mutum 1 cikin 5, wani lokaci 2, zai sha alluransa ya tashi da ƙurajensa.

Yadda ake yi ba wuya. Da siririyar allura irin ta insulin, ana zuba ɗan kaɗan, daga 0.1 zuwa 0.5 na mililita gwargwadon maganin, a cikin naman ƙurjin. A dawo bayan mako 2 zuwa 4, sau 3 zuwa 5. Akwai zafi lokacin sokawa, musamman a yatsa da tafin ƙafa, ba zan ɓoye ba. Bayan nan wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wasu su yi zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu. Jikin ne ke amsawa. Abin da ba a cika gani ba amma yana faruwa: yatsa ya kumbura ya yi shuɗi da zafi na 'yan kwanaki, ko farin tabo ya fito a wurin bayan allurar kandida. Mai cutar da ke sa fata yin fari-fari ya gaya wa likita tun kafin a fara.

Allurar ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne zaɓin ya fi buƙatar natsuwa.

Kandida ruwa ne da aka tace daga naman gwarin nan mai kawo farin baki ga jarirai. Kusan kowane jiki ya taɓa haɗuwa da shi, kuma babu rai a cikin ruwan, don haka haɗarinsa kaɗan ne, har yara ana yi wa. Shi likitocin Amurka suka fi amfani da shi, da sunan Candin. Matsalarsa tsada da wuyar samu a wajenmu.

MMR rigakafin ƙyanda ne da hangum da rubela a haɗe. Shi ne ke da gwaje-gwaje masu yawa, kuma sakamakonsa na da kyau. Amma ƙwayoyin ciki masu rai ne da aka raunana. Ba a yi wa mai ciki, kuma wadda aka yi wa ta dakata da ɗaukar ciki na wata 1. Ba a yi wa mai raunin garkuwa: mai cutar HIV da ta yi nisa, mai shan maganin ciwon daji, mai shan ƙwayoyin siteroyid masu yawa. Wannan na ƙarshen ya shafi mata masu shan ƙwayar ƙiba ba da sanin likita ba, kuma da yawa ba sa faɗa sai an tambaya da lalama. Sannan gari ne da ake damawa, yana son firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ya son haske, in an dama shi sa'o'i kaɗan gare shi. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, ka tambayi yadda aka ajiye shi, don wanda zafi ya kashe ruwa ne kawai za a soka maka. Kuma ina roƙo, kada a nemi ma'aikacin rigakafi ya karkatar da rabon jarirai saboda ƙurjin hannun babba.

PPD, ruwan gwajin tarin fuka da ake kira gwajin Mantu, shi ne a ganina ya fi dacewa da mu. A Najeriya da Nijar ana yi wa jarirai allurar BCG tun haihuwa, wadda ke barin tabon lamba a dantse, ga shi kuma da yawanmu mun taɓa shaƙar ƙwayar tarin ko ba mu kwanta ba. Ke nan jikinmu ya san wannan abokin gabar. Ruwan ba shi da rai, asibitocin da ke gwajin tarin fuka sun san shi, kuma bai kai kandida tsada ba. Sai dai ƙarfin amsawar kan yi yawa ga wasu har wurin ya yi bororo, shi ya sa likita mai hankali yakan fara da gwaji a hannu ya duba bayan kwana 2 zuwa 3. Mai tari sama da mako 2, ko rama, ko zufar dare, tarin za a fara bincika, ba ƙurji ba.

BCG ɗin kansa ma an gwada sokawa, yana aiki, amma ni ba zan ba ɗan'uwana shawararsa ba. Ƙwaya ce mai rai, tana iya barin gyambo mai ɗaukar makonni, da kaluluwa a hammata, da tabo. In tabo muke gudu, ba mu yi komai ba ke nan.

Bitamin D3 daban yake, ba tsohon abokin gaba ba ne, yana dai daidaita girman ƙwayoyin fata yana kuma zaburar da garkuwar wurin. An samu sakamako mai kyau a Turkiyya da Indiya, musamman a tafin ƙafa. Ruwansa mai ne mai kauri, sokawarsa na da zafi sosai har sai an fara kashe wurin, kuma ƙarfinsa na da yawa, don haka mai ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda ya yi hattara. Amfaninsa shi ne ga wanda jikinsa bai amsa gwajin sauran ba.

To, wanne?

In guda ɗaya ce ko biyu, sabuwa, a jikin ƙaramin yaro, ba ta ciwo, a bar ta, ko a bi ta da salisilik. Soka wa ɗan shekara 5 allura a yatsa sau 4 saboda abin da mai yiwuwa zai tafi da kansa zalunci ne. In babba ne mai guda ɗaya a wurin da ɗan tabo ba zai dame shi ba, kuma yana gaggawa, daskararwa ko ƙonawa ta wadatar.

Allura tana cin kasuwarta ne idan ƙurajen sun yi yawa, ko sun bazu a wurare daban-daban, ko sun kewaye farce, ko sun haɗe sun yi faci a tafin ƙafa, ko an yi wata 3 ana shafa magani da gaske ba labari, ko an ƙone sun dawo. Haka ga mai jikin da tabonsa ke tudu. A irin waɗannan, lissafin a bayyane yake: ciwo a wuri ɗaya maimakon wuri 10, da wuya a ga farin tabo, kuma waɗanda suka warke ta wannan hanya ba su cika ganin ta dawo ba, tunda jikin ya riga ya haddace ƙwayar. Farashinta shi ne zirga-zirga. Zuwa asibiti sau 4 ko 5 cikin wata 2 zuwa 3, da kuɗin mota da ranar aiki, kuma wurin likitan fata, waɗanda yawancinsu a manyan asibitocin birane suke. Wanda ya san ba zai iya komawa ba bayan ta farko, gara kada ya fara. Mai ciki ta jira ta haihu. Kuma ba laifi a haɗa biyu, ana allura ana shafa salisilik a gida, likitoci da yawa haka suke yi.

Wani abin da ake rikitawa: rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 na kariya ne daga dajin bakin mahaifa, yana fuskantar lamba 6 da 11 da 16 da 18. Ba maganin tusar jakin hannu ba ne. Kuma ƙurajen al'aura maganarsu daban ce, kada a shafa musu salisilik.

Kafin duk wannan, a tabbata tusar jakin ce. Kanta, wato kaurin da fata ke yi a tafin ƙafa, tana kama da ita, amma in an kankare kanta ba a ganin baƙaƙen ɗigo, kuma zanen fata yana ratsa ta, ita kuwa tusar jaki zanen kewaye ta yake yi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne dattijon da ke da wani abu a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce mai baƙi-baƙi, yana faɗi, yana jini, ya ƙi warkewa. Dajin fata na baƙin mutum a nan ya fi fitowa, kuma sau da yawa ana ɓata watanni ana ƙona shi da sunan ƙurji. Haka zabiya mai ƙurji mai kaushi a fuska ko kunne ko wuya. Waɗannan yanka ɗan nama ake yi a kai ɗakin gwaji. Babba kuma da suka feso masa da yawa a ɗan lokaci, ya yi gwajin HIV da na suga.

Ɗan yayata PPD aka yi masa. Likitar ta duba tabon lambarsa, ta yi masa gwaji a hannu, bayan kwana 3 wurin ya yi tudu kamar ƙwayar gyaɗa. Ta zaɓi babbar da ke bayan hannu ta soka, ba ta taɓa na farcen ba. Bayan ta farko ba abin da ya canja, har uwarsa ta kira ni ta ce, "Anya ba kuɗinmu muke zubarwa ba?" Na ce, "Yaya, ki ba shi wata ɗaya." Daren allura ta biyu ya kwana da zazzaɓi, aka ba shi farasitamol, da safe ya tafi shago. Bayan ta uku ne ya zo ya miƙo min hannu da kansa: na tsakanin yatsu sun yi baƙi sun kwanta, in ya sosa sai su riƙa zubowa kamar garin kaushi. Da aka kai ta biyar 11 sun tafi, fatar ta koma launinta, sai ɗan duhu a inda aka riƙa sokawa. Biyu na gefen farce suka ƙi. Su uwarsa ta bi da salisilik kowane dare bayan isha'i, ta naɗe yatsan da filasta, har mako 9. Farcen ya fito da 'yar gargada a gefe ɗaya, wadda ƙurjin ne ya bar masa tun kafin a fara magani.